Gasasshiyar Masara Da Man Shanu A Birnin Sakkwato

Duk wanda ya zauna birnin Sakkwato ya sani, da watan Agusta ya kama, marka ta sauka, akwai wani ƙanshi da ke tare mutum a bakin hanya tun daga la'asar har bayan lisha. Ƙanshin masara ke nan a kan garwashi. Kadan ka bi ta Ƙofar Marke, ko bakin Tsohuwar Kasuwa, ko kuwa ka fita ta hanyar jami'a wajen Kwalkwalawa inda fadama take, za ka tarar da masu gashi sun jera, kowa da kaskon wutarsa da ragar waya da mafici, ga tarin ɗanyar masara cikin ɓawonta a gefe. Malamin ofis in ya taso daga aiki sai ya tsaya ya sayi biyu, ɗan makaranta kuwa sai a karya masa rabi gwargwadon kuɗinsa.

Ran nan muka tsaya wurin wani dattijo mai gashi, ya ce, "Malam, taho ka ɗauki mai zahi." Muka ɗauka, sa'an nan muka tambaye shi ko yana da ɗan mai da za mu shafa. Ya dube mu ya yi dariya, ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an shafa wa masara mai ba. To, ga shi kuwa taku kaɗan daga inda yake zaune 'yan matan Fulani ne da ƙorensu, curin man shanu yana iyo cikin nono, gaba kaɗan kuma ga mai albasa da tafarnuwa. Wannan shi ya sa muka ga ya kamata mu yi wa masu karatu bayani. Duk kayan da ake bukata don a mai da wannan abin marmari ya zama abinci mai riƙe ciki suna nan a ƙofar gidanmu, haɗa su ne kurum ba mu saba yi ba.

Baƙuwa Ce A Ƙasarmu

Da fari dai ya kamata a san masara baƙuwa ce. Gero da dawa su ne 'yan gida, a nan Afirka aka fara noma su. Ita kuwa asalinta ƙasar Meziko ce, can nahiyar Amurka, inda mutanen wurin suka samo ta daga wata ciyawar daji wajen shekara 9,000 da suka wuce, suka yi ta zaɓen iri har ta zama yadda muke ganinta. Turawa ba su san ta ba sai a 1492, sa'ad da mutanen Kolombus suka gan ta a tsibirin Kuba. Daga nan ta ƙetara teku, jiragen ruwan Fotugal suka kai ta gaɓar Afirka ta Yamma cikin ƙarni na 16.

Sunan da muke kiranta da shi yana nuna mu ta wata hanya dabam ta zo mana. Masana harshe da yawa suna ganin daga sunan ƙasar Masar aka samo kalmar masara, watau ta biyo alhazai da fataken Sahara ne daga gabas da arewa. Wani abin ban sha'awa, su ma Turkawa sunan da suke kiran ƙasar Masar da shi, da shi suke kiran masara. Mutanen Italiya kuwa hatsin Turkawa suke ce mata. Kowa dai ya laƙa mata sunan maƙwabcin da ya karɓe ta a hannunsa.

Kafin zuwanta muna da namu abin gashin, shi ne tumu. Gero in ya fara nuna, sai yara su karyo zangarniya su babbaka a wuta su murje su ci, har yau kuwa ana yi a ƙauyukan Sakkwato. Gashin masara kan wannan al'ada ya hau, shi ya sa muke cinta gaya kamar yadda muke cin tumu.

Yadda Ta Fita Daga Bayan Gida

Dattawan da suka yi aiki zamanin En'e, kafin a sauya tsarin mulkin ƙananan hukumomi a 1976, za su shaida a da ba a yi wa masara gona a Lardin Sakkwato. 'Yar kaɗan akan shuka a bayan gida ko a tsohon makwancin shanu, inda taki ya yi yawa, don yara su sami ta gashi kafin gero ya iso. Dalili kuwa shi ne masara tana da ci, tana da sha. Ruwan da ke sauka a Sakkwato a shekara bai cika wuce inci 25 zuwa 30 ba, alhali a Zariya yakan kai inci 40. Ƙasar tudu kuma rairayi ce, ba ta riƙe laima. Gero yana jure wannan, masara ba ta jurewa.

Abubuwa uku suka sauya al'amarin. Na farko shi ne manyan ayyukan gona da aka buɗe da taimakon Bankin Duniya wajen 1975 a Funtuwa da Gombe da Gusau, wadda a lokacin take ƙarƙashin Sakkwato. Su suka baza takin zamani da sabon irin farar masara da aka samo daga cibiyar binciken aikin gona ta Ibadan, wadda aka kafa a 1967. Na biyu shi ne madatsun ruwa, ta Bakolori kusa da Talatar Mafara da aka gama a 1978, da ta Goronyo a kan Gulbin Rima da aka gama a 1984, sa'an nan ƙananan injunan ban ruwa suka maye gurbin jigo a fadamu. Na uku, masu bincike a Ibadan da Samaru sun fitar da iri mai saurin nuna, wani kwana 90, wani ma bai kai haka ba, wanda ke iya kammalawa cikin gajeriyar damina irin tamu.

Saboda haka yanzu a Sakkwato ana samun ɗanyar masara sau biyu a shekara, ta damina da ta noman rani. Ga ƙaramin manomi kuwa wannan ba abin wasa ba ne. Watan Yuli da Agusta su ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsin bara ya ƙare, na bana bai iso ba. Ɗanyar masara ita ce farkon abin da zai karya ya kai kasuwa ya sami kuɗin cefane, ita ce kuma ke toshe bakin yara kafin a ɗora tukunya.

Zaɓe Da Gashi

Gashi mai kyau daga zaɓe yake farawa. Kamar mako uku bayan masara ta fitar da gemu, in ka sa farce ka latsa ƙwaya za ka ga ruwa fari kamar madara ya fito. A wannan lokaci ta fi zaƙi, ta kuma fi dacewa da dafuwa. Ta gashi akan ƙara mata 'yan kwanaki har ruwan ya fara kauri, amma kada a bari ƙwaya ta yi taurin da farce ba ya shiga, gama irin wannan ita ke gajiyar da muƙamuƙi. A duba ɓawo ya zama kore shar, gemu ya yi baƙi daga baki amma da sauran laima daga ciki.

Sai kuma a lura da ranar da aka karyo ta. Da an raba goyo da kara, zaƙin da ke cikin ƙwaya sai ya fara juyewa yana zama gari, zafi kuwa yana gaggauta wannan juyi. An auna irin masara mai zaƙi da Turawa ke nomawa, an ga takan yi asarar wajen rabin zaƙinta cikin kwana ɗaya kadan an ajiye ta wuri mai zafi. Kowa kuwa ya san zafin Sakkwato. Wannan shi ne dalilin da ya sa masarar da aka gasa a bakin fadama ta fi wadda ta kwana biyu cikin buhu a tasha daɗi. In ya zama dole a ajiye, a bar ta cikin ɓawonta a inuwa, a yayyafa mata ruwa.

Game da wuta, garwashi ake so wanda ya ruru ya fara yin farin toka a bisa. Harshen wuta yana baƙanta waje ne ya bar ciki ɗanye. A ɗora raga kamar tsawon yatsa daga garwashi, a riƙa juya masara a kai a kai ana fifita, cikin minti 10 zuwa 15 za ta yi ja ko'ina, da ɗan ɗigon baƙi nan da can. Wannan ja da ƙanshin da ke tare da shi suna samuwa ne in zafi ya haɗa zaƙin ƙwaya da sinadarin gina jiki da ke cikinta. Wani masani Bafaranshe mai suna Maillard shi ya fara bayyana haka a 1912, shi ne kuma abin da ke ba tsire da burodi launinsu. Wanda haƙoransa ba su da ƙarfi yana iya gasa ta cikin ɓawonta, bayan ya tsoma ta a ruwa, sai tururi ya dafa ta daga ciki, daga baya ya ɓare ya ɗan nuna wa garwashi don ta yi ja.

Akwai abin da za mu roƙi masu gashi su bari. Kada a hura wuta da leda ko guntun roba ko tsohuwar taya, don hayaƙinsu guba ne, yana kuwa kama abinci. Kada kuma a naɗe masara mai zafi cikin takardar buhun siminti. Ɓawonta da aka ɓare ya isa, shi ne ma ya fi tsabta.

Man Shanu Da Kayan Ƙanshi

Yanzu sai mai. A nan ba mu da abin da za mu koya daga kowa, gama iyayenmu mata sun daɗe da sanin man shanu mai ƙanshi. Kowace uwargida a Sakkwato in ta sayi curin mai wurin Bafillatana sai ta wanke shi da ruwa mai sanyi, ta zuba a tukunya kan wuta marar ƙarfi, ta yanka albasa a ciki, ta bar shi yana tafasa har kumfa ya kwanta, albasa ta yi ja. Sa'an nan ta tace ta zuba a kwalba, shi ne wanda ake sa wa tuwo da miyar kuka. Wannan man shi muke nufi.

Suyar tana da dalili. Ɗanyen man shanu kashi huɗu cikin biyar ne mai, sauran ruwa ne da ragowar nono. Wannan ragowar ita ke sa shi tsami da wari in ya kwana biyu, ita ce kuma ke ƙonewa da wuri a kan wuta. In an soya, ruwan ya tafi, ragowar ta kwanta ƙasa an tace, sai man ya yi watanni bai lalace ba. Ban da haka, nonon da ba a dafa ba yana iya ɗauko cutar shanu ya kawo wa mutum, kamar tarin fuka da ciwon nan mai sa shanu ɓari wanda makiyaya ke kira bakkale. Suya tana kashe ƙwayoyin waɗannan cututtuka, saboda haka kada a shafa wa yara ɗanyen mai.

Ga yadda muka gwada a gida, muka ga ya yi. Ga masara shida, a sami soyayyen man shanu cokali uku manya. A daka tafarnuwa ƙwaya biyu da ɗan gishiri, a zuba cikin man a ɗora kan wuta kaɗan har ƙanshi ya tashi, a sauke kafin tafarnuwar ta yi baƙi, don in ta ƙone ɗaci take yi. A ƙara garin barkono gwargwadon bakin mutanen gida, da ɗan citta. Wanda ke son irin ɗanɗanon tsire sai ya haɗa da dakakken ƙuli-ƙuli. Wanda ke da lemun tsami ya matsa a bisa bayan an shafa.

Lokacin shafawa shi ne inda akan yi kuskure. In an shafa tun masara tana ɗanya, man zai ɗiga cikin garwashi, wuta ta tashi, hayaƙi ya ɓata ta, yajin kuma ya ƙone. A bari sai ta gasu an sauke, tana da zafi, sa'an nan a shafa da cokali ko da ɓawonta mai tsabta, man ya narke ya bi tsakanin ƙwayoyi. Man da aka haɗa da tafarnuwa kuwa a yi daidai na ranar, kada a ajiye shi ya kwana.

Kada wani ya ce wannan cin Turawa ne. A Meziko, gidan masara na asali, da mai da cuku da barkono da lemun tsami ake sayar da ita a bakin titi. A Indiya akan goga mata lemun tsami da gishiri da barkono. 'Yan'uwanmu na kudancin Nijeriya da kwakwa suke haɗa ta, ko da wani ɗan itace mai maiƙo da ke nuna lokaci ɗaya da ita. Kowace al'umma da abin da ke kusa da ita take yi wa masara mahaɗi. Mu kuwa ga shanun Bokolo, waɗanda har a littattafan Turawa da sunan Sakkwato aka san su, ga albasa da tafarnuwar da ake lodi daga Wurno da Goronyo da Gada ana kai wa har bakin teku.

Amfaninsa Ga Jiki

Maganar ba ta tsaya ga daɗin baki ba. Akwai wani sinadari da likitoci ke kira bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, ya raunana yaro har ƙyanda ko gudawa su yi masa mugun kamu. Farar masara kusan ba ta da shi sam. Ja tana da kaɗan. A 2012 aka fitar da wani iri a Nijeriya mai launin ruwan lemo, wanda aka zaɓa musamman don ya ƙunshi wannan sinadari da yawa. To, shi bitamin A jiki ba ya iya tsotsarsa sosai sai da maiƙo. Man shanu kuwa yana ɗauke da nasa, balle na damina, lokacin da shanu ke cin ɗanyar ciyawa, shi ya sa za ka ga man damina ya fi na rani rawaya. Ashe ke nan lokacin da masara ta nuna, lokacin ne kuma mai ya fi kyau, ya fi yawa.

Amma fa kada a ɗauka mai ya cike kome. Masara tana da ƙarancin wasu sinadaran gina jiki waɗanda man shanu ba ya bayarwa, sai nono ko wake ko nama. Yaron da ya ci masara da mai, ya kora da kindirmo, ya ci abinci sosai. Manya masu hawan jini ko ciwon sukari kuwa su taƙaita mai da gishiri, su bi abin da likita ya faɗa musu.

Wani abin lura kuma, tun 2016 wata tsutsa baƙuwa daga nahiyar Amurka ta shigo Nijeriya tana cin masara, manoma suna ta fesa magani. Kowane maganin feshi yana da adadin kwanakin da ya kamata a jira kafin a ci amfanin, an kuwa rubuta a jikin kwalba. Ɗanyar masara daga gona sai wuta, ba ta zaman rumbu, saboda haka wajibi ne malaman gona su riƙa karanta wa manoma wannan rubutu.

Na Manomi Da Na Makiyayi

In mutum ya riƙe gasasshiyar masara da mai a kanta, guminsu mutum biyu ya riƙe. Masara ta manomi ce, mai na makiyayi ne, kafin kuwa a sami kilo ɗaya na man sai matar makiyayi ta kaɗa nono lita 20 ko fiye. A da haɗin nasu ya wuce haka. Bayan an kau da amfani, manomi shi ke kiran Bafillatani ya sauka gonarsa, shanu su ci kara su bar taki, har ya ba shi damen hatsi. A irin wannan makwanci ne masarar bayan gida ke yin goyo biyu.

Kowa ya san halin da aka shiga. Tashin hankalin da ya faro a Zamfara ya iso gabashin Sakkwato wajen 2018, ƙasashen Rabah da Isa da Sabon Birni suka ɗanɗana, a watan Oktoba na 2021 kuma aka kai hari kasuwar Goronyo, aka kashe mutane masu yawa. Manoma da dama sun bar gonaki, makiyaya da dama an kore musu shanu, wasu sun yi ƙaura. Duk ranar da malami ya ji man shanu ya yi tsada a birni, ko ya sayi wanda aka yi wa gauraye, to ya tuna daga inda abin ya faro. Ƙwaryar nono ba ta isowa kasuwa sai hanya tana da lafiya, ita ma masara haka.

Abin Da Muke Roƙon Malamai

Mutanen gari suna duban abin da malamin makaranta da malamin ofis ke yi a gidajensu, su kwaikwaya. Saboda haka muna roƙon kowane malami ya gwada wannan a gidansa bana, sai an gwada akan san na ƙwarai. In ya sayi mai, ya saya hannun mai kaɗa shi, ya biya kuɗinsa ba tare da wulaƙanci ba. Makarantar da ke da fili ta shuka kunya biyu ko uku na masara mai launin lemo, a nemi irin wurin malamin gona. Ranar da ta nuna a tara yara a gasa, a nuna musu yadda ake latsa ƙwaya da farce, a faɗa musu inda Meziko take a taswira, da dalilin da ya sa ake soya mai kafin a ci.

Shi kuwa dattijon nan mai gashi, da muka koma wurinsa mun tafi masa da ɗan man a kwalba. Ya shafa ya ci, ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye mu nawa zai ƙara a kan kowace ɗaya in ya fara sayarwa da shi. Muka ce wannan lissafi nasa ne, ya fi mu sanin kasuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai mu kaka lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.